Raɗa wa Manhaja Suna: Gajere Ya Fi ko Mai Ɗauke da Asali?

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji a ƙasar Hausa ya san ciwon kan suna. Ga Sani Musa biyu, ga A'isha Ibrahim uku, kuma dole kowa ya karɓi sakamakonsa ba na takwaransa ba. Dabarar da makarantun boko suka fito da ita tun zamanin Turawa ita ce a liƙa wa yaro sunan garinsu. Ta nan muka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ta nan ne yaron da ya bar Indabo ya tafi makarantar kwana yake komawa wane Indabo har ƙarshen rayuwarsa. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun yi karo da irin wannan matsala, sun kuma faɗa kan magani mai kama da namu, sai dai har yau ba su gama ja-in-ja a kansa ba.

Ga yadda abin yake. Kowace manhaja tana da ɗan fayil da take ajiye zaɓin mai amfani da ita: harshen da yake so, girman rubutu, launin fuska, inda ya tsaya jiya. Wannan shi ake kira saiti. A ce wani ɗalibi ɗan Indabo da ke karatu a jami'ar Wudil ya rubuta manhajar lissafin adashi, ya saka ta a fili kowa ya ɗauka kyauta, ya sa mata suna Adashi. A ce kuma wani a Maraɗi, wanda bai taɓa jin labarinsa ba, ya yi tasa da wannan sunan. Duka biyun za su nufi wuri ɗaya a cikin kwamfutar Linux, wato folda mai suna adashi a ƙarƙashin .config, su ajiye saitinsu. Ranar da wata uwar adashi ta saka su biyun a kwamfuta ɗaya, ta farko za ta rubuta cewa kuɗin naira ne kuma ana kwasa duk Juma'a, ta biyu ta zo ta goge ta rubuta sefa da ƙarshen wata. Babu gargaɗi, babu ƙara. Sai dai a buɗe da safe a ga lissafi ya birkice, ko manhajar ta ƙi tashi ɗungurungum saboda ta tarar da rubutun da ba ta gane ba. Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

A kamfani irin Microsoft ko Apple akwai mai gida da zai tsawatar. A duniyar buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya ganin tushenta ya gyara ya rarraba, babu sarki. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban, da yawansu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga wurin neman abinci. Tun zamanin Unix kowace manhaja takan jefa saitinta a babbar foldar mai kwamfuta, da suna mai farawa da ɗigo don kada a gan shi. Rob Pike, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan Bell Labs, ya bayyana a 2012 cewa ɓoyuwar irin waɗannan fayiloli ma kuskure ne aka yi wajen rubuta umarnin da ke jera sunayen fayil, mutane suka ga ya yi musu daɗi suka mayar da shi al'ada. A shekarar 2000 Havoc Pennington ya kafa freedesktop.org don manyan fuskokin Linux, musamman GNOME da KDE, su riƙa daidaitawa a kan irin waɗannan abubuwa. Daga nan aka samu ƙa'idar XDG, wadda ta ce saiti ya tafi .config, bayanan dindindin su tafi .local/share, tarkacen wucin gadi kuma .cache. Ƙa'idar ta faɗi inda za a ajiye kaya, amma ba ta raba gardamar sunan da za a rubuta a jikin kayan ba. A nan aka rabu gida biyu.

Ɓangare na farko su ne masu cewa a ba kowace manhaja dogon suna mai ɗauke da asalinta. Hanyar ita ce a ɗauki adireshin intanet na masu manhajar a juya shi baya, sannan a ɗora sunanta a ƙarshe. Masu gnome.org sai su ce org.gnome.Nautilus, masu kde.org su ce org.kde.dolphin, VLC da kowa ke kallon fim da ita ta zama org.videolan.VLC. Kamfanin Sun Microsystems ne ya yayata wannan salo da harshen Java a tsakiyar shekarun 1990, Apple ya bi sahu, Android ma haka, shi ya sa WhatsApp ɗin da ke wayarka sunansa na ciki com.whatsapp. Ko ƙananan kwamfutocin XO da aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima a Abuja a 2007 da irin wannan suna manhajojinsu suke, masu farawa da org.laptop.

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Adireshin intanet abu ne da mutum biyu ba sa mallaka a lokaci guda, don akwai hukumomin da ke rajistarsa, irin NiRA da ke kula da .ng a Najeriya. Saboda haka wanda ya gina suna a kan adireshinsa ya samu sunan da babu mai irinsa a duniya ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ba tare da an kafa sabuwar hukuma ba, ba tare da ya san ko akwai wani a Maraɗi ba. Kuma suna ɗaya ne zai yi aiki ko'ina: shi ne sunan fayil ɗin da ke sa manhajar ta bayyana a jerin manhajoji, shi ne na tambarinta, shi ne wanda take amsawa idan wata manhaja ta kira ta ta hanyar sadarwar manhajoji ta D-Bus, shi ne tushen saitinta a tsarin ajiye saiti na GSettings. A tsarin Flatpak, wanda Alexander Larsson ya ƙirƙira kuma ya samu wannan suna a 2016, an ma killace kowace manhaja a foldarta mai ɗauke da dogon sunanta, ta yadda Adashin Indabo ba za ta ko hango saitin Adashin Maraɗi ba.

Idan aka ce musu su kawo shaida, labarin MATE suke kawowa. A Afrilun 2011 GNOME ta fito da zubi na 3, wanda ya sauya kamanni gaba ɗaya, mutane da yawa ba su so ba. Wani ɗan Ajantina da ake kira Perberos ya ɗauki tsohuwar GNOME 2 ya ci gaba da raya ta da sunan MATE, abin da lasisin ya halatta masa. Amma tsohuwar da sabuwar suna amfani da sunaye iri ɗaya, ba za su zauna a kwamfuta ɗaya ba. Dole aka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya ana sake musu suna: Nautilus ta koma Caja, gedit ta koma Pluma, Evince ta koma Atril, Metacity ta koma Marco, saitinsu kuma daga baya ya koma ƙarƙashin org.mate. Masu Linux Mint ma da suka ɓalle da Cinnamon haka suka yi da org.cinnamon. Yau mutum zai saka ukun a kwamfuta ɗaya, ya canja hoton bango a ɗaya ba tare da ya taɓa na sauran ba. Ɓallewa da reshe halal ce a wannan duniya, kullum ana yin ta, don haka tsarin da bai tanadi yadda uwa da 'ya za su zauna tare ba bai cika ba.

Suna kuma nuna abin da gajeren suna ya jawo. A Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sunan git na wata tsohuwar manhajar GNU ne tun kafin Linus Torvalds ya rubuta nasa Git a 2005, sai da aka shekara da shekaru ana kiran sabon git-core. Sunan chromium na wani wasan harbi ne kafin burauzar Google mai wannan suna ta zo. Sunan docker na wata 'yar manhajar tebur ne, shi ya sa fitacciyar Docker ta zama docker.io a can. Rigimar node kuwa, tsakanin manhajar masu rediyon sha'awa da Node.js, sai da ta kai gaban kwamitin fasaha na Debian ya yanke hukunci a 2012, kuma shekaru bayan nan masu koyo suna bin darasi suna buga node kwamfuta tana ce musu ba ta san shi ba.

To, ɗaya ɓangaren fa? Kada mai karatu ya ɗauka 'yan taurin kai ne kawai. A cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa daɗewa a harkar.

Abu na farko da suke cewa shi ne saiti na mutum ne, ba na na'ura ba. Mai gyaran kwamfuta da ke zaune a shago, an kawo masa wadda manhajarta ta rikice, so yake ya buɗe .config ya ga vlc ko GIMP ya san inda zai sa hannu. Idan ya tarar da layi talatin duk sun fara da org ko io.github, sai ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya san wa ya yi manhajar kafin ya gano foldarta. Wa zai ce org.thoughtcrime.securesms ita ce Signal? Wa zai ce com.facebook.katana ita ce Facebook ta waya? Suna kuma cewa karon da ake tsoro bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma duk lokacin da ya faru mutane ne suka zauna suka sasanta. Su a ganinsu misalan Debian hujjarsu ce, ba ta abokan gardamarsu ba: an samu saɓani, an kai gaban manya, an raba, duniya ba ta tashi ba. Don me za a ɗora wa manhaja dubu nauyi saboda rigimar guda biyar?

Na biyu, abin da ya zauna ya zauna. Masu OpenSSH sun ƙi matsar da foldar .ssh daga inda take, domin rubutattun umarni da na'urori marasa adadi sun dogara da ita a wurin. Koken da aka shigar wa Mozilla a 2004 cewa Firefox ta bi ƙa'idar XDG sai da ya haura shekara ashirin a buɗe. Ba lalaci ba ne zalla. Duk wanda ya canja wa saiti suna ko mazauni ya ɗauki alhakin kwashe kayan miliyoyin mutane zuwa sabon wuri ba tare da ko ɗaya ya zube ba, kuma wanda kalmomin sirrinsa suka ɓace ba zai saurari bayanin tsafta da tsari ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi damuna, don ita ce ta shafe mu kai tsaye. Adireshin intanet ba mallaka ba ne, haya ce. Duk shekara ake biya, wanda ya kasa biya a ba wani. Na .org ko .com dala goma da 'yan kai ne a shekara, abin da ɗan Jamus ba zai ko lura da fitarsa ba. Amma dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma an yi shekarun da bankuna da yawa suka hana katin naira biyan kuɗi a waje. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin mota daga Indabo zuwa Wudil, a ce masa sai ya kama hayar adireshi har abada kafin manhajarsa ta samu suna? In ya biya bana ya kasa baɗi, wani ya saye adireshin, to a idon Flathub, rumbun manhajojin Flatpak, wanda ke tantance mai manhaja ta hanyar mallakar adireshi, sabon mai hayar ya fi shi hujja a kan sunan abin da ya rubuta da hannunsa.

Za a ce ai an yi wa marasa adireshi tanadi, su yi amfani da io.github sannan sunan asusunsu na GitHub, rumbun ajiye tushen manhaja. Gaskiya ne, kuma kyauta ne. Sai dai GitHub na Microsoft ne tun 2018, ga shi manhajar da aka rubuta don 'yanci ta ɗauki sunan kamfani a goshinta, in ta yi ƙaura zuwa wani rumbu kuma sunan ya zama tsohon zance. Ita kanta .io ɗin ta yankin tsibiran Chagos ce da Birtaniya ke riƙe da su, kuma tun da Birtaniya ta sanar a Oktoban 2024 cewa za ta miƙa su ga Morishiyas ake tambayar makomarta. Ba sabon abu ba ne: .yu ta Yugoslabiya an share ta a 2010. Jingina da sunan makaranta ma bai tsira ba. Jami'ar da aka kafa a Wudil a 2001, wadda kowa ya sani da KUST, ta koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a 2022. Ɗalibin da ya gina sunan manhajarsa a kan tsohon sunan makarantar, yanzu yana ɗauke da sunan da ba ya kan allon ƙofa. Manya ma sun ɗanɗana: da Oracle ya miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse amma aka kasa daidaitawa kan sunan javax, sai da aka mayar da komai jakarta a 2020, kamfanoni a faɗin duniya suka bi rubutunsu layi-layi suna gyara.

Akwai kuma ƙorafin da mu masu ƙugiya a haruffa muka fi kowa ji. Dogon sunan ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, haruffan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi kawai ƙa'idar D-Bus ta yarda da su. Manhajar da aka raɗa wa Ƙidaya dole ta zama Kidaya a ciki. Wannan kam ba na ba shi nauyi sosai, domin fayil ɗin da ke gabatar da manhaja yana da gurbin suna na kowane harshe, har da Hausa, kuma a nan ƙugiya tana zama daram. Abin da mai amfani zai gani a fuskar kwamfuta Ƙidaya ne.

Wannan rarrabewa tsakanin sunan da ido ke gani da sunan da na'ura ke riƙewa ita ce, a ganina, inda masu gajeren suna suka yi sako-sako. Suna magana kamar dogon sunan adireshi ne da dole ya riƙa nuna inda mai shi yake a yau. Ba haka ba ne. Babu manhajar da ke leƙa intanet ta duba ko adireshin yana raye kafin ta karanta saitinta. Aikin adireshin ya ƙare tun ranar raɗin suna: ya tabbatar a wannan ranar babu wani mai irinsa. Twitter ta koma X a Yulin 2023, amma a cikin wayar Android har yanzu com.twitter.android ce, kuma ba wanda asusunsa ya ɓace saboda haka. GNOME ta daina nuna wa mutane sunan Nautilus da Epiphany tuntuni, amma sunayen ciki suna nan yadda suke. Shehu Shagari ya yi mulki a Legas, bai koma Shehu Legas ba. Saboda haka canjin sunan jami'a ko ƙaura daga GitHub ba ya tilasta wa kowa canja sunan ciki, sai dai in shi ya ga dama, kuma bai kamata ya ga dama ba.

Batun sasanci kuwa, yana aiki ne a inda ake da majalisa. Debian tana da kwamiti da kundin tsari, kuma duk manhajar da za ta shiga rumbunta sai ta bi ta hannun wani. Amma yau da yawa daga abin da mutane ke sakawa ba ta nan yake biyowa ba. Ana saukewa daga shafin mai shi, ana turawa ta filasha daga hannu zuwa hannu, kamar yadda aka saba a shagunanmu inda data ke da tsada. Wane kwamiti ne zai zauna tsakanin ɗan Indabo da ɗan Maraɗi? Kuma in an zauna ɗin, wa ke yin nasara? A 2016 kamfanin Kik ya nemi sunan kik a rumbun npm, wanda wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya riga shi ɗauka. Masu rumbun suka ba kamfanin. Shi kuma ya fusata ya janye duk ayyukansa, ciki har da wani ɗan guntu mai layi 11 da ake kira left-pad, sai ga dubban ayyuka a duniya sun tsaya cak. A filin da sunaye ke gajeru kuma kowa ke wawaso, mai lauya ne ke tashi da suna mai daɗi. Dogon suna, duk muninsa a ido, shi ne ya fi kare ƙaramin mutum, domin ba ya buƙatar ya yi gaba da kowa.

Inda na tsaya tare da masu suka shi ne wurare biyu. Tsofaffin manhajoji irin OpenSSH a ƙyale su inda suke, ribar matsar da su ba ta kai haɗarin ba. Sannan maganar haya gaskiya ce a wurin tantancewa, ko da ba gaskiya ba ce a wurin saiti. Wanda adireshinsa ya suɓuce ba zai rasa saitin masu amfani da manhajarsa ba, amma zai iya rasa ikon cewa ita tasa ce a rumbunan da ke duba adireshi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan rauni ne na gaske, kuma ya fi faɗawa kan wanda aljihunsa ba nauyi. Amsarsa ba komawa gajeren suna ba ce. Amsarsa ita ce kada mutum ɗaya ya ɗauki hayar shi kaɗai. Abin da ya sa org.gnome da org.kde suka daɗe shi ne ƙungiyoyi ne ke riƙe da su, gidauniyar GNOME a Amurka da KDE e.V. a Jamus, ba wani ɗalibi da zai gama makaranta ya tafi hidimar ƙasa ya manta ba.

Hukuncina ke nan: sabuwar manhaja ta ɗauki dogon suna tun ranar farko, ta yi amfani da shi a saiti da tambari da komai, kada kuma ta sake shi ko da sunan da ke fuska ya canja sau goma. Wanda ba shi da adireshi ya fara da na rumbun da ya ajiye aikinsa, ya fi babu. Kira na kuma ga malaman sashen kwamfuta a Wudil da Bayero da Zariya, da ƙungiyoyin matasa masu rubuta manhaja a Kano: ku haɗa kai ku yi rajistar adireshi ɗaya a ƙarƙashin .org.ng, wanda ake biya da naira, da sunan ƙungiya ba na mutum ko na makaranta ba, ku riƙe littafin wanda aka ba wane suna a ƙarƙashinsa, ku buɗe shi ga duk mai rubuta manhaja da Hausa, na Najeriya da na Nijar. Ku kuma sa wannan darasi a aikin ɗaliban shekarar ƙarshe, a tambayi kowa sunan cikin manhajarsa da inda take ajiye saitinta kafin a sa masa maki.